Haƙoran Dattijo

Loretta Haugen ta sauko daga duba hanyar tudu da la'asar ɗin Talata, ta tarar an raba ƙaton gungumen itacen al'ul da ya faɗi ya tare hanya, an mirgine tsakiyarsa gefe. Da farko har ta ji daɗi. Sai da ta matso ta ga fuskar yankan, sannan ta tsaya cak. Daga sama ya faro a miƙe, yana kaiwa tsakiya ya karkace, ya ƙare a ƙasa da lanƙwasa kamar cikin ƙwarya.

Shekara ashirin da shida ke nan tana share hanyoyin dajin Selway, inda doka ta hana inji shiga, kuma da abu ɗaya aka san ta: yankanta ba ya karkata. Masu alfadarai idan suka wuce gungume suka ga fuskarsa a miƙe kamar bangon ɗaki, ba sa tambaya, sun san Loretta ce ta bi ta nan. Ba ta tara komai a duniya ba sai wannan sunan, kuma ba ta wasa da shi. Yanzu ga abin kunya a bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gani, a yankin ayarinta.

Ta juya ta ga zarton da aka yi aikin da shi jingine da bishiya. Dattijo ne.

Dattijo zartonta ne na mutum biyu, tsawonsa ƙafa bakwai, ya girmi mahaifiyarta, kuma an daina yin irin ƙarfensa tun kafin a haife ta. Ba ta ba da aronsa, ba a jan sa sai da ita a gefe ɗaya. Gefen nata ma sananne ne, akwai jan zare ɗaure a hudar ƙarshen ƙarfen. Da safe kafin ta hau tudu sai da ta ja wa mutanenta kunne cewa su yi aiki da ƙaramin zarton ofishin gandun daji, wanda suke kira Gwangwani.

"Wa ya zare shi daga kube?" ta tambaya.

Mutum biyu ne kawai za su iya amsawa. Wendell Aguirre, abokin janta na shekara goma sha tara, wanda kuma shi ke wasa musu zartuna, yana zaune kan dutse yana kallon takalminsa. Shi ne ya ɗaura jan zaren nan shekara biyu da suka wuce, ya ce na sa'a ne, kuma tun daga ranar bai taɓa barinta ta kama ɗaya gefen ba. Ta ɗauka camfin tsufa ne, ta ƙyale shi. Royce Pickett kuwa, wanda ofis ya turo musu bana, yana tsaye yana ɓare lemo kamar ba da shi ake ba.

"Ni ne, Shugaba," in ji Royce. "Gwangwani ƙafa biyar ne, icen nan ƙafa huɗu da rabi. Da me za mu ja, da farce? Na ce wa tsohon nan mu ɗauko dogon, ya ƙi, ya ƙi, sai ka ce matarsa na ce ya ara mini. Da ƙyar ya yarda."

"Sai kuka yi mini wannan kwalliyar."

"Zarton ne ke gudu gefe, na rantse. Ina ja yana tafiya inda ya ga dama, kamar alfadari ya hango gida."

"Dattijo ba ya gudu gefe."

"To, yau dai ya yi."

Ta dubi Wendell. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Icen ne mai murɗa a ciki, Retta. Bar shi kawai, hanya dai ta buɗe." Bai ɗago ya dube ta ba, kuma wannan ya fi yankan damunta. Wendell mutum ne da zai yi awa guda yana gardama a kan ƙulli ɗaya a jikin itace.

A hanyar komawa sansani ita ta saɓa Dattijo, tana can baya kamar yadda mai ɗauke da zarto ke yi, idonta a kan ƙeyar Royce. Mutumin nan shekara ashirin ya yi yana sare daji da zarton inji kafin masana'antar garinsu ta rufe, kuma tun ranar da ya zo bakinsa bai huta ba: wannan da inji minti uku ne, wancan da inji kafin kofi ya huce an gama. Ga shi guguwar bara ta zubar da ɗaruruwan itatuwa a hanyar, ana ta raɗe-raɗin cewa idan masu zarton hannu suka kasa buɗe ta kafin kaka, ofis zai nemi izini na musamman a shigo da inji. Wa zai ji daɗin haka in ba Royce ba? Sai ta tuna ranar Lahadi da ya ce cikinsa na ciwo, ya wuni shi kaɗai a sansani, daga shi sai zartuna. Ciwon cikin da bai hana shi tashi da gwangwanin wake biyu da yamma ba. Ta tuna magagarin da ke leƙowa daga aljihun bayansa kullum, wai na wasa gatari ne. Kafin su isa sansani ta gama shari'a a ranta, saura shaida.

Ko ruwa ba ta sha ba. Ta kafa Dattijo a tsagar kututturen da Wendell ke aiki a kai, haƙora sama, ta zaro gizo daga jakar kayansa. Gizo ɗan ma'auni ne na ƙarfe mai ƙafa huɗu. Haƙoran zarto ana ɗan lanƙwasa su ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma dole ɓangarorin biyu su zo daidai, in ba haka ba zarto zai riƙa bin ɓangaren da ya fi buɗewa. In ka ɗora gizo ya zauna daram, haƙorin lafiya lau. In ya yi rawa, akwai magana. Ta bi ɓangare ɗaya, gizo ya zauna daram daga farko har ƙarshe. Ta zagaya ɗaya ɓangaren. Haƙori na farko, rawa. Na biyu, rawa. Har ƙarshe kowanne ya buɗe fiye da ƙa'ida, kuma duk da gwargwado ɗaya, kamar kaurin gashin kai uku.

Dutse ba ya yin haka. Dutse haƙori biyu ko uku yake ci ya tafi abinsa. Wannan hannun mutum ne, mutumin da ya zauna ya natsu da guduma.

"Royce! Zo nan."

Ya zo da cokali a hannu, don ranar shi ke girki.

"Ranar Lahadi me ka yi wa zartona?"

"Ranar Lahadi? Tsakanin tanti da bayan bishiya na wuni, Shugaba. In kina son shaida, zo in kai ki wurin."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba. Wannan ƙwaron da ke hannunki ko ta ina ake riƙe shi ban sani ba. Ni sarƙar inji na sani, in wasa ta in ɗaura, shi ke nan."

"Ka fi kowa son a ce zarton hannu ya kasa."

Murmushin ya bar fuskarsa. "Haba dai. Baki ne da ni, na yarda, amma ba ni da mugun hannu. Shekarata arba'in da bakwai, wannan ne kaɗai aikin da ya rage mini a duk kwarin nan. Sai in zo in ɓata shi da kaina? Na haukace ne?"

"Jibi Marlys za ta zo da alfadarai da kayan abinci. Za ka bi ta, ni kuma zan rubuta wa ofis dalili."

Kowa ya san abin da irin wannan takarda ke nufi. Wanda aka ce ya lalata tsohon zarto da gangan, ba ayarin da zai sake karɓarsa daga nan har iyakar Kanada.

Wendell ya taso daga bakin murhu. "Retta, ki sassauta. Ba ni shi, gobe in duba shi, magana ta mutu."

"Kai da kake shafe shi da kananzir kowace yamma kamar jariri, tun Lahadi ba ka ga komai ba?"

"Ban auna ba."

Ya miƙo hannu zai ɗauki zarton, ta dafe shi. A karo na farko cikin shekara goma sha tara ta dubi Wendell da idon zargi. Ai shi da Royce kwanan nan tare suke zuwa kamun kifi, tare suke shan taba a bakin rafi suna dariya ƙasa-ƙasa.

"Ko kai ma an saye ka da taba ne, tsoho?"

"Faɗi abin da kika ga dama. Amma don Allah kada ki taɓa haƙoran nan da guduma. Ki bar mini."

Ta ji maganar kamar zagi, tunda shi da kansa ya koya mata gyaran zarto. Ta ɗauki oba-oba ta hau kan dutsen da ake samun magana, ta ce a gaya wa Marlys ta ƙaro alfadari ɗaya da sirdi, mutum ɗaya zai fita. Ta dawo ta rubuta takardar ta sa a aljihu, zarton kuma ta shigar da shi tantinta.

Ranar Laraba gari na fara haske ta zauna gaban kututture da ƙaramar guduma da guntun ƙarfen da ake tokarewa a bayan haƙori. Ƙwas, ta auna. Ƙwas, ta auna. Wani abu ya ɗan tsaya mata a rai. Sawun guduma sabo ƙyalli yake yi, ga nata nan suna walƙiya, amma waɗanda ta tarar sun dushe, ƙaron itace ya cika su, ba su yi kama da na kwana uku ba. Ta ce a ranta, makiri ne, datti ya shafa musu. Ta ci gaba.

Ƙarar ce ta fito da Wendell daga tanti ba ko takalmi. Ya tarar ta wuce rabi.

"Kin riga kin yi nisa," ya ce, ya juya ya je ya ɗora ruwan kofi.

Mil ɗaya gaba da al'ul ɗin jiya akwai wani gungume mai kaurin ƙafa biyu da rabi, miƙaƙƙe, ba ƙulli ba murɗa, irin wanda ake koya wa sababbi da shi. Suka ɓare ɓawon da gatari, ta yayyafa wa zarton kananzir, ta kama gefen jan zare, Wendell ya kama nasa.

"Ka zuba ido," ta ce da Royce, "ka ga yadda zarto yake in ba a yi masa mugunta ba."

Dattijo ya fara waƙarsa. Dusar itace na zubowa dogo-dogo kamar taliya, alamar wasi ya yi kyau, daɗi ya kama ta har cikin rai. Sun shiga kamar taƙi ɗaya sai ta ji jan ya ƙara nauyi. Ta leƙa. Yankan ya fara kwantawa zuwa damanta.

"Wendell, kana danne shi."

"Ba na danne shi."

"To turawa kake yi."

"Shekara goma sha tara ban tura ba, sai yau?"

Suka zare, suka matsa gaba, ta ce Royce ya karɓi gefen Wendell. Yankan ya kwanta zuwa damanta. Ta ce ƙasar wajenta ce ba daidai ba, ta tsallaka gungumen suka sauya wuri. Karkatar ta tsallako tare da ita, yanzu ta kwanta ɗaya wajen, wato damanta dai. Ta ce a kawo Gwangwani. Gwangwani ma bai sauya zance ba.

Gungumen ya cika da yanka huɗu, duk rabi-rabi, kamar an yi wasa da shi. Ta saki hannun zarton ta ja baya. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa.

"Ku biyu ku ja Dattijo in gani."

Suka ja. Ta tsaya a gefe tana kallon bayan ƙarfen yana nutsewa a hankali, ba dama ba hagu. Suka buga weji, ƙarfen tokare tsaga, don kada icen ya matse zarton, suka ci gaba har guntun ya faɗi. Fuskar yankan a miƙe take kamar bangon ɗaki.

Royce, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya share gumi ya ce, "Bari in koma in ɗauko wejin nan da muka manta a baya." Ba wani weji da aka manta. Ya tafi.

Loretta ta zauna a kan guntun da ya faɗi. "Tun yaushe?"

"Tun da kika faɗi a mashigar rafi, shekara biyu ke nan," in ji Wendell. "Kafaɗarki ta dama. Ta warke, amma a ƙarshen kowane ja tana ɗan sauka, hannun zarto ya bi ta. Ke ba za ki ji ba. Ni da nake ɗaya gefen, ni nake ji."

"Sai ka karkatar mini da zarto."

"Gashi ɗaya na ƙara a shekarar farko. Shi ya ja hagu, ke ki ja dama, yanka ya fita a miƙe. Bara na kai shi biyu. Bana uku."

"Jan zaren fa?"

"In kika kama ɗaya gefen, ke da shi za ku ja wuri guda. Ke kin taɓa ganin ina da camfi?"

"Shekara biyu kana kallona ina yi wa mutane gorin yanka."

"Ina kallo."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na san ki, Retta. Da a ranar za ki rataye zarto ki tafi gida. Ni kuma in ja da wa?"

"Jiya fa? Kana tsaye na ɗora wa bawan Allahn nan laifi."

Ya sunkuyar da kai. "Wannan kam ban kyauta ba. Na ce in kin ba ni zarton in san ƙaryar da zan yi miki, kowa ya tsira. Tsoro na ji, shi ne gaskiya."

Ta daɗe tana kallon yanka huɗun nan. Sannan ta faɗi abin da ita kanta ta ji kunyarsa tun bai gama fita ba.

"To, mayar da shi yadda yake."

Wendell ya girgiza kai. "Ƙarfen shekara ɗari ne. Na kai shi, kin dawo da shi. In na sake kai shi, haƙoran za su fara karyewa ɗaya bayan ɗaya. Kin sani, ni na koya miki."

Ta sani. Da hannunta ta yi, haƙori bayan haƙori, tana jin daɗin kanta. Ta nemi fushin da ta kwana da shi jiya ta rasa, ba abin da ya rage sai baƙin ciki da kunya, kuma kunyar ta fi yawa.

Da Royce ya dawo hannu wofi, ta tashi ta tare shi a hanya. Ta ciro takardar ta yaga a gabansa.

"Royce, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya sosa ƙeya. "Haba, Shugaba, ya wuce. Amma ciwon cikin nan da gaske ne, ina so a san wannan."

Ranar Alhamis da hantsi Marlys Dunphy ta iso da alfadarai biyar ɗauke da kaya, na shida da sirdi ba kowa a kai. Tun daga nesa take ɗaga murya.

"To, ina mai laifin? Na kawo masa alfadarina Biskit, ba ya cizo sai an dame shi!"

Loretta ta fito daga tanti da jakarta a ɗaure. Marlys ta dube ta, ta dubi mazan biyu, ta haɗiye sauran maganar ta shiga sauke kaya.

Loretta ta je inda Dattijo ke jingine ta kwance jan zaren ta sa a aljihu. Ta kira Royce.

"Ja kawai, ba a turawa. Kada haƙoransa su taɓa ƙasa. Ba a ba da aronsa, ko wa ya tambaya."

"Na ji. Hanyar nan za ta buɗe kafin kaka, Shugaba, ba kuma da inji ba."

Wendell ya riƙe mata alfadarin ta hau. "Likita ya duba ki, ki dawo," ya ce. "Ana buƙatar mai gatari, ana buƙatar mai karanta inda ice zai faɗi. Ba wanda ya kai ki."

"Za mu gani, tsoho."

Sun yi kamar rabin mil, hanya ta hau gefen gangare, sai ta jiyo Dattijo ya fara waƙa a bayansu. Ko daga nan ta san yankan a miƙe yake tafiya, kunnenta dai bai karkata ba. Ba ta waiwaya ba.

"Ke, Loretta!" Marlys ta kira daga baya. "Sassauta hannun dama mana, kina ta jan dabbar nan bakin gangare. Tun ɗazu nake kallonki."

Loretta ta dubi hannunta a kan linzami. Ita har yanzu daidai take jin sa.